Maganin Kanta a Fuskar Yaya

Shekara biyar ce kacal tsakanina da yayata, amma ranar da ta iso Yamai a shekarar farin nan, maƙwabciyata ta leƙo ta saman katanga ta ce mata, "Sannu da zuwa, Inna," sannan ta juyo ta yi mini barka da zuwan mahaifiyata. Yaya ta amsa gaisuwar hankali kwance, ba ta gyara mata ba. Ni kuwa maganar ta hana ni cin tuwo.

Ba laifin maƙwabciyar ba ne. Damina biyu gonarmu a ƙauye, can bayan Dogon Dutsi, ba ta ba da ko damin kirki ba. Mijin Yaya ya tafi kurmi neman abin kai wa baka, tun ana jin labarinsa har aka daina. Ita ke shiga daji tsinkar anza, ta jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita a samu a ci, ita ke ɗauko itace ta kai bakin hanya. Rana ta gasa ta, yunwa ta tsotse ta. Goshinta ya tattare, tamoji ya zagaye idanunta da bakinta, alhali ko shekara talatin da biyu ba ta cika ba. Ta bar ƴaƴanta biyu wajen mahaifiyarmu, ta hau kamiyo ta zo wurina, ƙanwarta mai albashi.

A lokacin shekarata biyu da fitowa daga makarantar aikin jinya, ina aiki a wani ƙaramin disfanse, ina zaune a ɗaki guda a unguwar Dar es Salam. Zamanin soja ne, kuma sojan lokacin ba sa wasa. Duk wanda aka gani yana gararamba a gari ba aiki ba takarda, sai a loda shi a mota a mayar da shi inda ya fito. Ma'aikacin gwamnati kuwa, allura ɗaya ta ɓata a hannunsa, ya shiga uku. Kowa kaffa-kaffa yake yi.

Shugabanmu a disfanse, wanda muke kira Majo, dattijo ne mai tsare gida amma mai tausayi. Da na kai masa kukana, ya ce mai yi mana shara za ta ajiye aiki nan da wata ɗaya da rabi, in Yaya ta kawo takardu biyu zai sa sunanta: takardar haihuwa da takardar shaidar lafiya. Sai dai ya ja mini kunne cewa akwai iyakar shekaru, wanda ya haura ta ba a ɗaukarsa. Aikin nan shi ne komai. In ta samu, za ta zauna a Yamai ba fargabar mota, ta ɗauko ƴaƴanta su shiga lakwal, makarantar boko. In ba ta samu ba, sai komawa ga anza.

To, Yaya ba ta da takardar haihuwa. Mu duka a bukka aka haife mu, ba wanda ya rubuta komai. Ni tawa a lakwal na same ta, ranar da mushe, wato malaminmu, ya jera mu ya ce kowa ya zagayo hannu ta saman kai ya taɓa kunnensa, wanda ya taɓa ya isa karatu, aka yanka masa shekara. Yaya tana gindin turmi ranar. Yanzu dole a je kotu da shaidu biyu a yi mata takarda, kuma duk wanda na tambaya abu ɗaya yake faɗa mini: akawun kotu fuska yake dubawa ya rubuta shekarun da ya ga dama. Na dubi fuskar Yaya, na tuna maƙwabciyata da "Inna"nta. Wannan fuskar ko makaho ya shafa hamsin zai ba ta.

Daga nan rawar kaina ta motsa. Na yi karatu ai. Na san tsami yana cin matacciyar fata, sabuwa ta fito daga ƙasa. Yaya kuwa, da yake ba ta iya zama ba, tun satin farko ta samo wa kanta aikin ban ruwa a garaken Gudel, can bakin kogi. Kogi ya ja baya sosai a shekarar, har mutane na taka tsakiyarsa da ƙafa, don haka masu garka suna neman mai ɗauko ruwa daga nesa. Abin da take samu bai taka kara ya karya ba, amma ana haɗa mata da ganye da lemun tsami. Da lemun nan na fara.

Kullum da la'asar in na taso daga aiki sai in zaunar da ita a kan tabarma, in matse lemu in shafe mata fuska. Bayan kwana huɗu na ƙara da jiƙon tsamiya. Bayan mako na ƙara da nono mai tsami.

"Ke auta," in ji ta, idonta a rufe saboda yaji, "saura gero da sukari ki dama ni, ki kai ma maƙwabta."

"Yi shiru, Yaya, kina motsa bakin."

"Nonon ga da kin ba ni na sha, da ya hi yi mini amfani."

Gaskiyarta, amma ban so jin ta ba. Mako biyu muna wannan, ba abin da muka samu sai ƙudaje. Tamojin nan yana nan daram, kamar ma dariya yake yi mini. In na dube ta da safe haushi ya turnuƙe ni, in rasa wa zan ji wa: rana, ko fari, ko mijin nata da ya yi ɓatan dabo, ko ita da ta bari fuskarta ta koma haka. Har faɗa na taɓa yi mata wai tana yawan tsuke ido, kamar mai aiki a tsakar rana tana da zaɓi.

A kabad ɗin maganinmu akwai wani farin gari, asid ne, da muke kwaɓawa da basilin mu shafa wa masu kanta da faso a ƙafa. Da idona na ga duddugen manomi, mai tauri kamar ƙahon sa, ya yi saɓa ya koma lumus cikin kwana goma. Sai na ce a raina, abin da ya iya da dudduge, goshi zai gagare shi? Majo ya yarda da ni, ni yake bar wa makulli in zai je taro. Wata Talata ya fita, na buɗe, na ɗebi garin a cikin wata kwalbar allura da ta ƙare, na cusa a aljihun rigar aiki. Na gaya wa kaina ba sata ba ce, ai don ɗiyar talakawan ƙasa ne.

Ma'auni ba ni da shi a gida. Da bakin cokali na auna, da ido na kwaɓa a kan faranti. Da na shafa mata ta yi tsam, ta ce, "Wanga yana cizo hwa."

"Aiki yake yi."

"To, ke ce likita."

Abin da ya fi ba ni takaici har yau shi ne, da farko abin ya yi. Cikin kwana biyar wata siririyar fata ta fara saɓulewa kamar ɓawon albasa, goshin ya ɗan sake, ya yi sheƙi. Na kawo madubi na riƙe mata. Ta daɗe tana kallo, ta ce rabonta da ganin goshinta haka tun kafin ta haifi na biyu. Da na tsaya a nan, da ban zauna rubuta wannan ba. Amma saura kwana goma sha biyu a je kotu, kuma layukan gefen baki da na ƙarƙashin ido ba su gusa ba. Na ninka garin. Na koma shafawa safe da yamma. Na kuma kafa mata doka: ba garka, ba rana, ta zauna a ɗaki har a gama.

Ta ce to. Ina fita aiki ita ma ta ɗaura zane ta kama hanyar Gudel. Kwana uku tana yi mini haka ban sani ba, don takan riga ni dawowa ta wanke ƙafa ta zauna kamar ba ita ba. Rana ta huɗu na taso da wuri na tarar da ɗaki a rufe. Da ta shigo da ƙunshin yakuwa a ka, sai na ga fuskar. Kumatun sun yi jajir sun kumbura, goshin ya yi baƙi ƙirin, gefen hanci ya fashe yana ruwa.

Ban yi mata sannu ba. Ihu na yi mata. Na ce ta rusa mini aiki, na ce taurin kanta ne zai mayar da ita ƙauye, na ce ni na sa wuyana a igiya don ita, ita kuma ta zaɓi yakuwa. Ta bari na gama tsaf, ta sauke ƙunshin ta ce:

"Auta, ni ban iya zama ƙanwata tana ciyad da ni ba. Kuma mai garkar ya ce in na yi hwashi kwana biyu, akwai mata goma da ke jiran tulun."

Na daina shafa komai sai basilin zalla, ina addu'a dare da rana. Kumburin ya sauka. Ɓawon ya bushe ya faɗi a wasu wuraren, ya bar fage-fage masu haske, fari-fari da baƙin baki, ɗaya a goshi, biyu a kumatu. A tsakiyarsu fatar ta yi kauri ta ƙeƙashe. Tamojin kuwa, in ban da na goshi, ko ɗaya bai tafi ko'ina ba.

Ranar kotu ta rufe rabin fuskarta da mayafi. Dattawa biyu daga majami'armu, mutanen yankinmu, su ne shaidu. Na kwana ina tsara abin da zan ce in akawu ya ce a buɗe fuska. Muka shiga, akawun yana rubutu, takardu sun taru a gabansa. Ya tambayi sunanta da na iyaye. Ya tambayi dattawan yaushe aka haife ta. Ɗaya ya ce shekarar da aka gina rijiyar garinsu, ɗayan ya gyaɗa kai. Akawu ya lissafa da yatsu, ya rubuta, ya buga hatimi, ya ce na gaba. Ko ɗaga kai bai yi ba. Shekarunta na gaskiya ya ba ta, har da ragin ɗaya.

A waje na tsaya da takardar a hannu, na cika na yi fam. Sati huɗu ina dama fuskar mutum, na taɓa kabad ɗin gwamnati, duk don idon da bai dube mu ba. Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce da ma da buhu a ka ta zo. Ni ko murmushi ya ƙi zuwa.

Saura takardar lafiya. Wannan a disfansenmu ake yi, ranar Alhamis da lokotoro, babban likita, yake zuwa. Wani matashin bature ne, ba ya jin Hausa, mutane sun yi masa yawa kullum, ni ce nake yi masa tafinta. Majo yana tsaye a gefe da takardar ɗaukar aiki, sa hannun lokotoro kawai yake jira. Lokotoro ya auna ƙirjinta, ya duba ido, sannan ya ce ta sauke mayafi. Ya matso da ita bakin taga. Na ga fuskarsa ta canja.

Duk wanda ya yi aikin jinya a ƙasarmu ya san abin da farin fage a fata yake sa a tuna. Ya ɗauko auduga ya murza ta yi tsini, ya ce in gaya mata ta rufe ido, duk inda ta ji taɓi ta nuna da yatsa. Ya taɓa wuyanta, ta nuna. Ya taɓa haɓarta, ta nuna. Ya taɓa tsakiyar fagen goshi, inda fatar ta ƙeƙashe, Yaya ta yi tsit tana jira. Ya sake taɓawa. Ya taɓa na kumatu. Hannunta yana kan cinya bai motsa ba. Haka ake gwajin kuturta, ni da kaina na sha yi wa mutane.

Ya juyo ya tambaye ni da Faransanci ko ta shafa wani abu a wurin.

Amsar tana bakina. Kalma biyar ce, da na faɗe ta da ya yi tsaki, ya yi mini faɗa, ya sa hannu. Amma sai ya tambayi wane asid, ina na samo shi, kuma Majo yana tsaye taku biyu daga ni da makullin kabad rataye a wuyansa. A zamanin nan ba faɗa kawai ake yi wa irin wannan ba. Maimakon in amsa, sai na yi aikin tafinta: na juya tambayar zuwa Hausa na miƙa wa Yaya, kamar ban san komai a kai ba.

Ta buɗe ido ta dube ni. Ba harara, ba komai, kallo kawai.

"Ce mishi rana ce," ta ce. "Ina aikin garka."

Na ce masa rana ce, tana aikin garka.

Ya ce ba zai sa hannu ba sai an ɗebi abin gwaji a kunnenta da bakin fagen a can asibitin masu wannan ciwo, a jira sakamako. Majo ya ninke takardarsa a hankali. Daga baya ya kira ni gefe ya ce ya yi baƙin ciki, amma ba zai iya riƙe gurbin ba, daga sama an ce a cike shi kafin ƙarshen wata. Har haƙuri ya ba ni, ya ce in riƙe ƴar'uwata da kyau. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A hanyar gida na ce mata gobe zan je in faɗi gaskiya. Ta ce in na kuskura ba ita ba ni.

"In an kore ki, wa zai aika ma Inna hatsi? Baki guda ya rasa ya hi baki shida su rasa."

Na yi ta gardama da ita har ƙofar gida, da ƙarfi, da rantsuwa. Amma a cikina wani sanyi na ji da ta hana ni, kuma wannan sanyin ne ban taɓa yafe wa kaina ba. Gobe ta zo, na tafi aiki, na yi allurai, ban ce komai ba.

Sakamako ya fito bayan sati uku: ba ta da komai. Lokacin wata mata ta riga ta kama tsintsiya. Da hadarin farko ya haɗu, Yaya ta ce gara ta tafi da ƙafarta kafin a loda ta, ko ba komai ta jefa iri. Na ninke mata takardar asibitin na sa a ƙullin zanenta. Tabon ya dushe kaɗan, amma bai ɓace ba.

Sai lokacin Nowel, bikin Kirsimeti, na samu hutu na je gida. An ɗan samu ruwa a shekarar, akwai gero a rumbu, mahaifiyarmu ta dama fura aka zauna a tsakar gida, ƙannen babanmu da matansu da yara. Ana ta zagaya ƙwarya da ludayi. Yaya ba ta zauna cikinmu ba. Ta shiga wata sabuwar ƴar bukka a bayan rumbu, ta fito da tata ƙwaryar, wadda aka ɗaura wa jan zare a baki, ta miƙa daga nesa aka zuba mata, ta koma gindin danga. Ƙaramar ɗiyarta ta tashi za ta bi ta, wata gwaggonmu ta fizgo ta.

Ashe wata mata ƴar garinmu ta gan ta zaune a kan bencin asibitin nan ranar da aka ɗebi gwajin. Kafin Yaya ta iso, labari ya riga ta. Ta nuna takarda, amma da Faransanci take, kuma mutane sun ce su idonsu suka yarda da shi, ga tabo nan a goshi. Wata bakwai ke nan ba ta ci a akushi ɗaya da kowa ba, ba ta kwana da ƴaƴanta ba. Ba ta aiko mini ko da kalma ɗaya ba.

Na miƙe tsaye a tsakar gidan. Abin da na kasa faɗa a gaban mutum biyu na faɗe shi a gaban mutum ashirin. Na ce ni na ƙone ta. Na ce maganin kanta na sato na shafa mata, na faɗi yadda na kwaɓa, na faɗi ranar. Na karanta musu takardar, na fassara kalma bayan kalma. Suka saurare ni har na gama. Sai babban ƙanen babanmu ya gyara zama ya ce:

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Haka ake son ƴar'uwa, ta ruhe asirin ƴar'uwatta. Amma wa zai yarda likita kamarki, da karatunki, ki shahwa ma mutum maganin ƙahwa a huska?"

Kowa ya gyaɗa kai. Na tafi gindin dangar, na karɓe ƙwaryar daga hannun Yaya, na kafa kai na sha har fura na zubo mini a wuya, na juyo na dube su.

"Ita ai likita ce, an yi mata allura," in ji gwaggo, tana ƙara riƙe yarinyar. "Ba ya kama su."

Yaya ta miƙo hannu ta karɓi ƙwaryarta. Ta leƙa ciki ta ce, "Kin shanye mini, auta, kuma ba su ƙara zuba mini sai gobe."